Man Doba: Arzikin da Ya Shigo ta Ƙofa Ɗaya



A ranar 10 ga watan Oktoba na shekarar 2003, a Kome da ke kusa da garin Doba a kudancin Chadi, Shugaba Idriss Deby ya murɗa kan bututu a gaban shugabannin wasu ƙasashe maƙwabta, aka shaida wa duniya cewa Chadi ta shiga sahun ƙasashe masu sayar da ɗanyen mai. A wannan rana kuma wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a na ƙasar suka yi kira da a yi zaman makoki, domin a ganinsu abin da ake wa biki ba zai kai ga talaka ba. Yau an haura shekara ashirin da wannan rana, yaran da aka haifa a shekarar har sun fara zama magidanta. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ya dace mu waiwaya mu ga wanda ya yi gaskiya tsakanin masu biki da masu makoki, mu kuma ga inda mu Hausawan Chadi da Kamaru, waɗanda akasarinmu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, muka tsaya a cikin labarin.

Kafin zuwan mai, auduga da dabbobi da ƙaro su ne abin da Chadi take fitarwa waje. Ƙasar tana cikin mafiya talauci a duniya, wannan babu musu. To amma ɗan abin da take samu yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin ita ce ginshiƙin wannan rubutu: kuɗin yana bi ta hannaye masu yawa kafin ya tsaya. A ɗauki sa guda da aka saya a kasuwar Masakori ko ta Durbali. Makiyayi ya karɓi kuɗinsa, dillali ya karɓi la'adarsa, mai masauki ya samu, mai koren shanu ya samu, mai abincin bakin kara ta samu. A tsallaka da shi Kuseri, a bi ta Gamboru zuwa Maiduguri, wani lokaci har Legas, kuma a kowane zango akwai wanda zai ci abinci a jikinsa. In an yanka shi mahauci ya ci, mai tsire da mai kilishi su ci, fatar ta tafi wurin majemi, daga nan ta isa hannun baduku. Haka auduga take. Turawan Faransa ne suka tilasta nomanta a kudu tun ƙarshen shekarun 1920, manoma sun sha wuya a kanta, amma ranar da kamfanin Cotontchad ya biya kuɗin kaka, dubban gidaje ne suke karɓa a lokaci guda, fatake kuma su iso da atamfa da gishiri da kekuna da akwatin rediyo.

A cikin irin wannan kasuwa kakanninmu suka sami wurin zama. Da yawansu hanyar Makka ce ta kawo su, suka yada zango a Fort-Lamy, wadda aka mayar Injamena a 1973, ko a Abeshe, da niyyar su tara guzuri su wuce Sudan, sai zango ya zama gida. Wasu fatauci ya kai su Mundu da Sar, wasu Garwa da Ngaundere, wasu har unguwar Briketeri ta Yawunde. Ba su da sarauta a ƙasar, ba su da rinjaye a gwamnati. Jarinsu shi ne amana da sanin hanya, kuma duk inda kuɗi ke yawo daga hannu zuwa hannu, ba ya wuce su.

Labarin man kuwa ya girmi bikin Kome da kusan shekara talatin. Kamfanin Conoco na Amurka ne ya fara cin karo da shi a tsakiyar shekarun 1970, a Sedigi ta yankin Kanem da kuma a kwarin Doba. Sai aka kashe Shugaba Tombalbaye a 1975, yaƙin basasa ya ci Injamena a 1979, masu haƙa suka tattara kayansu. Ko da ƙura ta lafa, matsala biyu ta rage. Chadi ba ta da teku, kuma man Doba mai kauri ne, ana sayensa ƙasa da farashin mai sauƙin tacewa. Kafin a sayar da ganga ɗaya sai an shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Kome zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, aikin da aka ƙiyasta zai ci dalar Amurka biliyan 3.7. Kamfanonin Shell da Elf suka janye a 1999, Exxon ya ci gaba da kashi 40 cikin 100, Petronas na Malesiya ya shigo da kashi 35, Chevron da kashi 25. Ba wanda yake son zuba irin wannan dukiya a ƙasar da mulki ke sauya hannu da bakin bindiga, sai in akwai babban da zai tsaya a tsakani. Wannan babban shi ne Bankin Duniya. Kuɗin da ya zuba kaɗan ne in aka gwada da na kamfanonin, sunansa ake bukata.

Bankin kuwa ya san abin da mai ya yi wa ƙasashen da suka riga Chadi. Ba sai an je nesa ba, ga Kamaru nan. Ta fara haƙo mai a 1977 a yankin Rio del Rey, gwamnatin Ahmadu Ahijo ta riƙa ajiye kaso mai yawa na kuɗin a wani asusu da ba ya cikin kasafin da majalisa ke gani. Da farashi ya faɗi a 1986 ƙasar ta shiga ƙunci, aka zabtare albashi a 1993, sannan aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Saboda haka bankin ya ce ba zai sa hannu ba sai Chadi ta yi dokar da za ta ɗaure kuɗin mai tun kafin ya zo.

Aka yi dokar, mai lamba 001, a watan Janairu na 1999. Ta tanadi cewa kuɗin da ƙasa za ta karɓa kai tsaye, wato kashi 12.5 cikin 100 na man da aka haƙo tare da ribar hannun jarinta a bututu, za a fara zuba su a wani asusu a birnin Landan. Kashi 10 cikin 100 a ajiye wa 'yan baya. A cikin abin da ya rage, kashi 80 ya tafi ga ilimi da lafiya da raya karkara da hanyoyi da ruwan sha, kashi 5 ga yankin da ake haƙo man, kashi 15 ga sauran hidimomin gwamnati. Aka kafa kwamitin sa ido mai mutum tara, huɗu daga cikinsu wakilan jama'a ne, har da na ƙungiyoyin ƙwadago da na addinai, kuma ba a fitar da kuɗi sai da amincewarsa. Bankin Duniya ya amince da aikin a watan Yuni na 2000, aka yi ta yayata cewa ga ƙasar da za ta nuna wa duniya yadda ake mayar da mai abin yaƙi da talauci.

Tun a lokacin akwai masu cewa an yi gaggawa, a bari sai ƙasa ta sami kotuna da majalisa masu ƙarfi. Ɗan majalisa mai wakiltar Bebejiya, Ngarlejy Yorongar, ya ɗaga murya a kan aikin, aka ɗaure shi a 1998. Dokar kanta tana da ƙofofi a buɗe: ta shafi filaye uku ne kawai, Kome da Miyandum da Bolobo, kuma harajin da kamfanoni za su biya a kan ribarsu bai shiga cikinta ba, alhali shi ne daga baya ya fi yawa. Alama ta farko ta bayyana a shekarar 2000, sa'ad da kamfanonin suka ba gwamnati tukuicin dala miliyan 25, aka gano an sayi makamai da miliyan 4.5 daga ciki, tun ba a ɗigo ko da cokali ɗaya na mai ba.

Shekarun shimfiɗa bututu, daga 2000 zuwa 2003, su ne lokacin da talaka ya ɗan taɓa kuɗin mai da hannunsa. Aikin ya ɗauki mutum wajen 13,000 a ƙasashen biyu sa'ad da ya kai ƙololuwa. Ana sauke bututai a Duwala, jirgin ƙasa ya hauro da su arewa, manyan motoci su ƙarasa. Direbobi da kanikawa da masu sayar da abinci da mahauta sun ga ciniki, kuma 'yan'uwanmu na cikin waɗanda suka bi sansanonin ma'aikata da tsire da shayi da kayan tireda. Masu neman aiki suka yi ta kwarara Doba daga ko'ina. Waɗanda ba su samu ba suka kafa bukkoki daura da ƙofar sansanin Kome, har wurin ya zama gari, aka sa masa suna Atan, daga kalmar Faransanci mai nufin jira. Suna ne da ya dace da wurin. A cikin shinge akwai tashar lantarki da ƙarfinta ya fi na duk abin da ƙasar ke samarwa a lokacin, fitilu na ci dare da rana, a waje kuwa ƙauyuka na kwana da aci-bal-bal. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Zaman jama'ar yankin ya sauya cikin ɗan lokaci. Farashin hatsi da kuɗin haya suka tashi a Doba da Bebejiya da Mundu. An biya manoma diyyar amfanin gona da itatuwa, kowa da sunansa, alhali a al'adarsu gona ta dangi ce, sai rigima ta shiga tsakanin 'yan'uwa a kan wanda ya cancanci karɓa. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗi mai yawa ba ya karɓe su a dunƙule, ya sayi kwano da keke, ya ƙara aure, wani ya ƙarar a mashaya, shekara ta zagayo ba kuɗi ba gona. Da aka ga rijiyoyin ba sa ba da abin da aka zata, sai aka yi ta haƙa ƙari fiye da 300 da aka tsara tun farko, kowace rijiya kuma da filinta da hanyarta, gonaki suka ƙara tsukewa. A can ƙarshen bututun, masuntan Kribi suka koka cewa an farfasa duwatsun cikin teku inda kifi ke taruwa, mutanen Bagyeli mazauna kurmi kuma suka ga an ratsa dajin farautarsu. Kamaru ta amince da ladan wucewa na santi 41 na dala a kan kowace ganga, sai a 2013 aka ɗaga shi zuwa dala 1.30. Da aka rufe bututu da ƙasa, aka sallami mafi yawan ma'aikata. Mai ba ya bukatar hannaye da yawa. Daga ranar nan kuɗinsa ya koma shigowa ta ƙofa ɗaya, ƙofar baitulmali, kuma duk mai son rabo sai ya je bakin wannan ƙofa.

A 2004 tattalin arzikin Chadi ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100 a lissafin takarda. Amma inda dukiya ta taru a wuri ɗaya, idon kowa yana kan wurin. A 2005 aka gyara tsarin mulki aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, wasu hafsoshi har da na kusa da shugaban suka ɓalle suka nufi gabas. Yaƙin Darfur ya riga ya turo 'yan gudun hijira fiye da 200,000 cikin Chadi, Injamena da Khartum kowace tana goyon 'yan tawayen ɗaya. A ƙarshen Disamba na 2005 majalisa ta yi wa doka 001 gyara: aka soke asusun 'yan baya mai ɗauke da wajen dala miliyan 36, aka sa tsaro cikin abubuwan da za a fifita, aka ninka kason hidimomin gwamnati zuwa kashi 30. Bankin Duniya, ƙarƙashin Paul Wolfowitz, ya dakatar da rance ya kuma rufe asusun Landan. Deby ya amsa cewa kuɗin na Chadi ne, kuma ba zai ajiye wa jikoki dukiya ba alhali ƙasa na neman kuɓucewa.

Adalci ya sa a faɗi cewa barazanar ta gaske ce. 'Yan tawaye sun shigo Injamena a ranar 13 ga Afrilu na 2006, suka sake dawowa a farkon Fabrairu na 2008 har suka kewaye fadar shugaban ƙasa. Duk wanda ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri da yara a kafaɗa a waɗannan kwanaki ba ya bukatar a ba shi labari. Sai dai abin tambaya shi ne, me ya sa kujerar ta yi tsadar da ake mutuwa a kanta haka? A watan Satumba na 2008 Chadi ta biya bankin sauran bashin bututu, wajen dala miliyan 65, bankin ya sanar da janyewarsa. Gangar mai ta haura dala 100 a shekarar, wanda ya ba da rance kuwa ba shi da sauran abin riƙe wanda ya ranta. Dokar da aka yi shekaru ana tsarawa ba ta cika shekara uku tana aiki yadda aka rubuta ta ba.

Daga nan zuwa 2014 aka yi shekarun yalwa, kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a ga komai ba. An shimfiɗa kwalta a Injamena da kan manyan hanyoyi, an gina asibitoci da makarantu da jami'o'i a larduna, an gina dandalin Place de la Nation. A watan Yuni na 2011 aka buɗe matatar Jarmaya a arewa da Injamena, mai tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin da kashi 60, Chadi da kashi 40, ƙasa ta fara shan man da ta tace da kanta. Rundunar soja ta yi ƙarfin da ta je Mali a 2013, ta kuma shiga Gamboru da Dikwa a 2015 ta fatattaki Boko Haram. Amma an gina ajujuwa da ba malamai, da ɗakunan shan magani da ba magani, domin gini yana da kwangila, koyarwa kuwa ba ta da ita. Ma'aikatan gwamnati suka ƙaru, albashi ya kumbura, Injamena ta shiga jerin biranen da suka fi tsada a duniya ga baƙi.

Ta wannan hanya ce kuɗin mai ya iso gare mu, ta aljihun ma'aikaci da ɗan kwangila. Tela ya sami ɗinkin shadda, mahauci ya ƙara yanka, mai shago ya buɗe littafin bashi yana jiran ƙarshen wata. Da yawa suka bar fataucin karkara suka koma shigo da kaya daga Dubai da Sin, domin a nan riba take. A can kudu kuwa Cotontchad ta riƙa jinkirin biyan manoma, har da yawa suka bar auduga suka koma riɗi da gyaɗa, noman ya durƙushe, daga bisani a 2018 aka sayar wa kamfanin Olam kashi 60 na kamfanin. Kasuwa ta zama kamar bishiya mai yawan ganye wadda saiwarta ɗaya ce.

A 2014 gwamnati ta ranto wajen dala biliyan 1.4 daga kamfanin Glencore ta sayi kason Chevron, da sharaɗin za ta biya da ɗanyen mai. An ƙulla cinikin ganga tana sama da dala 100. Kafin Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Bashi bai ragu ba, sai gangunan da ake bukata don biyansa suka ninka, kaso mafi tsoka na man gwamnati ya riƙa tafiya wurin mai bin bashi. A 2016 aka fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka rage rabin alawus na ma'aikata, aka soke tallafin ɗalibai, makarantu da asibitoci suka yi watanni a rufe saboda yajin aiki. Gine-gine suka tsaya a inda suke. Littafin bashin mai shago ya zama takarda kawai. A daidai lokacin kuma rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru, darajar naira ta faɗi, shanu suka rasa mai saye. Da tsohuwar hanyar tana da lafiya da ta ɗauki nauyi, amma an yi shekara goma ba a kula da ita ba. A 2021 Chadi ce ƙasa ta farko da ta nemi sassaucin bashi a ƙarƙashin sabon tsarin ƙasashen G20. A watan Afrilu na shekarar Deby ya rasu a fagen daga. Exxon ya sayar da kasonsa ya tafi a ƙarshen 2022, gwamnati ta ƙwace kadarorin a watan Maris na 2023. A Fabrairu na 2024 litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730 a ƙasar da ke da rijiya da matata.

To, wa ya yi gaskiya a ranar bikin Kome? Masu biki suna da kwalta da matata da za su nuna. Masu makoki kuma suna da hujjar da ta fi nauyi: bayan biliyoyin daloli, Chadi na nan a sahun ƙarshe na ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wajen mutum ɗaya ne cikin goma yake da lantarki. Ƙidayar dabbobi da aka kammala a 2015 ta nuna ƙasar na da kai fiye da miliyan 90. Wannan dukiya tana haihuwa kowace shekara, rijiya kuwa kullum raguwa take yi. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin kara da na kasuwa dole ta saurari makiyayi da ɗan kasuwa ko da ba ta so. Wadda kuɗinta ke fitowa daga bututu ba ta da wannan dole.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yan'uwanmu na Nijar sun buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram a 2011, bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara aiki a 2024, kuma a shekarar gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan man da ba a riga an sayar ba. Mai hankali ya san wannan hanya, mun bi ta.

Mu da muke tsiraru a ƙasashen nan mun saba da kame baki, muna cewa siyasa ta masu ƙasa ce, namu ciniki. Tarihin man Doba ya nuna cewa abin da aka yanke a majalisa a Disamba na 2005, da takardar da aka sa wa hannu a 2014, sun iso har cikin shagon tela da rumfar mahauci. Mu 'yan ƙasa ne, muna biyan haraji, muna da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya tafi. Mu sa 'ya'yanmu karatun lissafin kuɗi da shari'a da aikin injiniya, domin a sami namu a inda ake karanta irin waɗannan takardu. Kuma kada mu raina sana'ar kara da fata da ƙaro da riɗi da muka gada, domin ita ta riƙe gidaje da yawa a shekarun da albashi ya gaza.

Dattawan da suka ga zamanin shimfiɗa bututu, ko suka yi ciniki a Doba da Belabo da Kribi a lokacin, muna roƙon su ba mu abin da suka gani da idonsu, domin na baya su sani. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da shugabanni masu riƙon amana, Ya sa albarka a cikin abin da muke nema. Amin.